Sauya waya daga Android zuwa iPhone a Abuja: me Move to iOS ke kwashewa, me yake bari a baya?

Duk wanda ya shiga Banex Plaza a Wuse 2 da niyyar ajiye Tecno ko Samsung ya ɗauki iPhone, da wuya ya fito bai ji an ce masa "ranka ya daɗe, kawo mu tura maka komai" ba. Wannan "komai" ɗin ne ya kamata a tantance tun kafin kuɗi ya bar hannu. Sau da yawa abin da ake nufi shi ne lambobin waya da hotuna, a tura su ta Xender cikin minti goma. Hirarrakin WhatsApp na shekara biyar, manhajar banki, lambobin Google Authenticator (manhajar da ke ba da lambar tabbatarwa yayin shiga asusu), da karatuttukan da ke cikin memori, kowanne da hanyarsa daban. Ɗaya daga cikinsu ma ƙofarsa sau ɗaya take buɗewa.

Manhajar da Apple ya tanada don wannan ƙaura ita ce Move to iOS. Ta fito a 2015, kyauta ce, kuma a Play Store ake sauke ta a kan tsohuwar wayar. A taƙaice, tana aikinta da kyau idan an bi sharuɗɗanta, amma ba ta da haƙuri ko kaɗan. Tana kwashe lambobin waya, saƙonnin tes, hotuna da bidiyon kyamara, kalanda, asusun imel, da WhatsApp. Manhajoji kuwa ba kwafe su take yi ba. Tana duba waɗanda ke da takwara kyauta a App Store ta jera maka su, sai ka sake sauke kowacce da datarka. Wadda ka saya da kuɗi a Play Store ta zauna can, sai dai ka sake biya.

Babban sharaɗin shi ne iPhone ɗin ta kasance sabuwa fil, ko kuma wadda aka goge tas. Zaɓin ɗauko kaya daga Android yana fitowa ne a lokacin saitin farko kawai, a shafin da ke tambayar daga ina za a kawo manhajoji da bayanai. A nan mutane suke faɗawa rami. Mai shago ya kunna wayar don ya nuna maka tana aiki, ya danna ta har zuwa fuskar gida, ya buɗe maka Apple ID, wato asusunka na Apple, ya sa WhatsApp, ka ga sunayen guruf-guruf sun fito babu saƙo ko ɗaya a ciki. Kwafin hirarrakin da ke Google Drive ba ya buɗuwa a iPhone, kamar yadda na iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, ba ya buɗuwa a Android. Maganin ɗaya ne: a shiga Settings, General, Transfer or Reset iPhone, a danna Erase All Content and Settings, a koma farko. Saboda haka idan na hannu za ka saya, ka gama duk gwaje-gwajenka tukuna, sannan a goge ta a gabanka, ka tafi da ita gida a haka.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ka sabunta WhatsApp da Move to iOS a kan Android. Ka jona wayoyin biyu a caji. Ka kunna iPhone, ka haɗa ta da Wi-Fi don ta yi rajista da Apple, ka ci gaba har shafin kwaso bayanai, ka zaɓi Android. Za ta nuna lamba mai alƙaluma 6 ko 10, ka shigar da ita a tsohuwar wayar. Daga nan iPhone za ta ƙirƙiri nata ɗan Wi-Fi na wucin gadi, Android ta shiga. A jerin abubuwan da za a kwashe sai ka sa alama a kan WhatsApp. WhatsApp zai buɗe da kansa, ya shirya kayan, ya fitar da kai daga asusunka a tsohuwar wayar, ya mayar da kai Move to iOS. Bayan an gama, ka sauke WhatsApp daga App Store, ka shiga da lambar da kake amfani da ita a da, ka danna Start. Dole lambar ta zama ɗaya. Idan kana son canja lamba, ka canja tun a Android kafin ka fara. WhatsApp ya buɗe wannan hanya a 2022, kuma yana buƙatar iOS 15.5 ko sama da haka. Tarihin kiran WhatsApp ba ya biyowa.

Me ke katse shi? Wi-Fi ɗin da iPhone ta ƙirƙira babu intanet a cikinsa, ita kuma Android an gina ta ne ta gudu daga irin wannan ta koma data ko wani Wi-Fi da ta sani. Da ta gudu, aiki ya tsaya. Don haka ka kashe data gaba ɗaya, ka sa wayar ta manta da Wi-Fi na gida ko na ofis, idan ta yi gargaɗin cewa babu intanet ka ce ta zauna a haka. Kiran waya ma yana katse shi. Mai shago a Wuse Market da wayarsa ba ta minti biyar ba ta yi ƙara ba, gara ya cire sim ɗin ya sa a ƙaramar waya har a gama. Abu na uku shi ne tsarin tsimin batir. Wayoyin Tecno, Infinix da Itel suna da tsauri wajen rufe manhajar da suka ga tana cin batir, musamman idan fuskar waya ta mutu. A kashe tsimin batir, a ƙara lokacin da fuskar ke ɗauka kafin ta mutu, kada a fita daga manhajar ko da duba saƙo ɗaya ne. Kuma ko Android ta ce ta gama, kada a taɓa komai sai layin da ke tafiya a fuskar iPhone ya cika.

Rauninta mafi ciwo shi ne idan ta katse ba ta ɗorawa daga inda ta tsaya. Sai an sake goge iPhone an faro daga tushe. Yi lissafi: kaya 40GB, idan ana tafiyar 10MB a daƙiƙa, ya haura awa ɗaya. A ɗauke wuta a minti na hamsin, tsohuwar wayar da batirinta ya gaji ta mutu, ka koma gidan jiya. Wanda ke Kubwa ko Lugbe ko Nyanya ya san halin wutarsa, ya ajiye fawa banki cikakke a gefe. Dabarar da ta fi ita ce a rage kayan. A bar Move to iOS ta ɗauki WhatsApp da saƙonni da lambobi kawai, hotuna da bidiyo a bi da su ta kwamfuta ko Google Photos daga baya. Kafin nan a shiga WhatsApp, Storage and data, Manage storage, a share bidiyoyin biki da na guruf da aka yi ta turowa. A nan galibin nauyin yake.

Masu GBWhatsApp da ire-irensa kuwa, Move to iOS ba ta san da zamansu ba. Asalin WhatsApp kawai take gani. Sai an koma na asali tukuna, shi ma kamfanin bai ba da tabbacin hirarrakin za su biyo ba, ga haɗarin rufe lamba. A iPhone babu irin waɗannan, don ba a shigar da APK, wato fayil ɗin manhajar Android.

Batun wuri ma a duba shi tun a shago. iPhone ba ta ɗaukar memori. iPhone XR da 11 da 12 da suka cika kasuwar na hannu, mafi ƙanƙantarsu 64GB ce, sai daga 13 aka fara da 128GB. Mai Infinix 128GB da memori 64GB a ciki, idan ya sayi 64GB saboda ta fi araha, kayansa ba za su shiga ba, kuma sai aiki ya yi nisa zai gane. Haka ajiyar kan intanet: Google yana ba da 15GB kyauta, iCloud 5GB kacal. Kwafin WhatsApp na ɗan kasuwa shi kaɗai yana iya cinye wannan. Sai ka ga wata da watanni wayar tana cewa wuri ya cika, ba ta ajiye kwafin komai, mai ita kuma yana zaton yana da madogara. Ko dai a biya kuɗin wata-wata na 50GB ko 200GB, ko a cire bidiyo daga kwafin WhatsApp a bar hotuna ga Google Photos, wanda ke aiki lafiya a iPhone. Wannan kuɗin wata-wata yana cikin farashin iPhone, ko da ba a rubuta shi a rasit ba.

Lambobin waya su ne mafi sauƙi, in dai a asusun Google suke. Ka sa Gmail ɗinka a saitin iPhone, ka kunna Contacts, shi ke nan. Matsalar ita ce da yawa a kan sim ko a cikin wayar kanta suke ajiyewa. A mayar da su asusun Google kafin ƙaura. iPhone tana iya ɗauko lambobi daga sim, amma ba ta rubutawa a kai. Idan ka bari Move to iOS ta kawo su, ka kuma kunna na Google, kowane suna zai fito sau biyu. Tun daga iOS 16 manhajar lambobi tana nuna masu maimaici ta haɗe su.

Sim da banki su ne inda sakaci ya fi tsada. iPhone 14 zuwa sama da aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin sim sam, eSIM kawai suke ɗauka, wato layin da ake sa wa waya ba tare da kati ba. Ana gane su da LL/A a ƙarshen lambar samfuri, a Settings, General, About. Na Ingila galibi suna da ramin sim ɗaya da eSIM. Na Hong Kong da Sin, da yawa daga cikinsu suna ɗaukar katin sim biyu, shi ya sa masu layi biyu ke nemansu. MTN da Airtel suna ba da eSIM, amma sai ka je ofishinsu da NIN ɗinka an mayar da layin, su ba ka lambar QR. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne ranar da wayar ta faɗi ta ƙi kunnuwa, babu katin da za ka zare ka sa a wata. Layin da ke karɓar lambar sirrin banki yana kulle a cikin matacciyar waya har sai ka koma ofis. Shawarar da ta fi hankali ita ce layin da ke haɗe da BVN ya zauna a kati, layin data ya koma eSIM. Kuma duk lokacin da za a goge wayar, tana tambaya ko a bar eSIM ko a share, a karanta kafin a danna.

Lambobin USSD irin su *737# da *894# da *966# suna aiki a iPhone kamar kullum, don da layi suke tafiya. Manhajojin banki kuwa suna ɗaure kansu da waya guda. A sabuwar waya za su nemi lambar sirri ta tes, wasu su ƙara da bayanan katin ATM, OPay da Moniepoint da makamantansu su ce ka nuna fuska. Ka yi wannan da rana a ranar aiki, tsohuwar wayar tana hannunka, ba daren Juma'a ba. Google Authenticator ba ya cikin abin da Move to iOS ke ɗauka. A tsohuwar wayar ka shiga Transfer accounts, ta nuna QR, ka ɗauka da sabuwar, ko ka kunna haɗa shi da asusun Google, wanda aka ƙara a 2023. Wanda ya goge tsohuwar wayar bai yi haka ba, zai sha wahalar komawa duk asusun da ya kulle da shi. Kalmomin sirri kuwa, ka sauke Chrome a iPhone ka zaɓe shi a saitin AutoFill, duk waɗanda ke ajiye a Google za su ci gaba da cika kansu.

In iPhone ɗin ta hannu ce, a shafin About ɗin nan akwai abu uku. Carrier Lock ya nuna No SIM restrictions, in ba haka ba wayar a kulle take da wani kamfanin waje. Parts and Service History, tun daga iOS 15.2, yana nuna ko an canja batir ko gilashi ko kyamara, gwargwadon samfurin. Harafin farko na lambar samfuri kuma, M sabuwa ce daga kamfani, F wadda Apple ya gyara ya sake sayarwa, N wadda aka bayar a madadin wata. A duba lafiyar batir, ƙasa da kashi 80 na nufin canji ya zo. Sama da duka, a tabbatar babu Apple ID na wani a kai. Tun 2013 Apple ya sa makullin Activation Lock, kuma gogewa a gabanka ita ce gwajin gaskiya: idan ta tashi tana neman imel ɗin wani, ka karɓi kuɗinka. A lura kuma iOS 26 daga iPhone 11 ya fara, XR da XS sun tsaya a iOS 18.

Bayan ƙaura, me za ka rasa a zaman yau da kullum? Rediyon FM babu, sai ta intanet. Ramin iyafis ya tafi tun iPhone 7 a 2016. Kan caja baya cikin kwali tun iPhone 12, sai ka sayi mai 20W, wanda ke kai batir wajen rabi cikin minti 30. Daga iPhone 15 ne aka koma USB-C, 14 zuwa ƙasa Lightning ne, igiyoyin Android da ke gida ba za su shiga ba. Wanda ya saba da batir 5000mAh na Tecno zai ji bambanci a ƙananan iPhone na hannu. Zafi ma akwai: Apple ya ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar yanayin aikin wayar, Abuja kuwa tana haura hakan a Maris da Afrilu. A bar ta a gaban mota cikin cunkoson Mararaba tana caji tana nuna taswira, za ta rage haske, ta tsayar da caji a kashi 80, wani lokaci ta ƙi aiki sai ta huce.

Karatun Alƙur'ani da tafsiri da wa'azi da mutane ke tarawa a memori, manhajar Music ta iPhone ba ta karɓar fayil ɗin MP3 da aka jefa a wayar kai tsaye, sai ta kwamfuta. Hanya mai sauƙi ita ce a sauke VLC, a zuba su a ciki, zai jera su ya kunna ko an kulle waya. Rubutun Hausa ma sai an yi masa gyara. A Android, Gboard yana da Hausa da ƙ da ɗ da ɓ. A iPhone abu na farko shi ne a kashe Auto-Correction, in ba haka ba duk "ina kwana" sai ta mayar da shi Turancin da ba ka nufa ba. Masu rubutu sosai su sa manhajar kibod ta Keyman, ko su ajiye kalmomin da suka fi amfani da su a Text Replacement. Hotuna kuma iPhone tana ɗauka da tsarin HEIC, wanda shafukan cike fom da tsofaffin kwamfutocin shagon buga takardu kan ƙi. A saitin kyamara, Formats, a zaɓi Most Compatible, za ta koma JPEG. Don data kada ta zube, a hana Photos amfani da datar layi, a kashe Wi-Fi Assist, wanda ke komawa datar layi idan Wi-Fi ya yi rauni.

Abin da za ka samu a madadin duk wannan ba ƙarami ba ne. Sabunta tsari yana zuwa wa kowa rana ɗaya, shekaru da dama a jere. Bidiyo a cikin Instagram da TikTok da WhatsApp ya fi fita tsaf, abin da ya sa masu tallan atamfa da turare ke dagewa a kanta. Babu tallace-tallacen da ke faɗowa daga manhajojin da aka cusa tun daga kamfani. Kuma tana riƙe daraja idan za a sayar. Sai dai a manyan wayoyi tazarar sabuntawa ta rufe, tunda Google daga Pixel 8 da Samsung daga Galaxy S24 sun yi alkawarin shekara 7.

Komawa Android daga iPhone, a ganinmu, ta fi sauƙi idan Samsung ce. Smart Switch, manhajar ƙaura ta Samsung, yana aiki da igiya, Lightning zuwa USB-C ko USB-C a kai biyu, don haka matsalar Wi-Fi mai guduwa ba ta taso ba. WhatsApp yana bi ta nan tun 2021: sabuwar wayar za ta nuna QR, ka ɗauka da kyamarar iPhone, ko ka shiga Chats ka danna Move Chats to Android. Pixel da sauran wayoyi masu Android 12 zuwa sama suna yin haka a lokacin saitin farko, su ma da sharaɗin wayar ta kasance a goge. Igiyar ta zama mai ɗaukar data. Masu arha da yawa caji kawai suke yi, wayoyin ba za su ga juna ba, mutum ya yi ta zargin manhaja.

Tarko biyu ne a wannan ɓangare. Na farko iMessage, tsarin saƙo na tsakanin na'urorin Apple. A kashe shi da FaceTime kafin a cire sim, in ba haka ba saƙonnin abokai masu iPhone za su ci gaba da tafiya can, kai ba ka gani. Wanda ya riga ya sayar da wayar, Apple yana da shafin cire lamba daga iMessage. Na biyu hotuna. Idan Optimise iPhone Storage a kunne yake, asalin hotunan suna iCloud, ƙananan kwafi ne a wayar, igiya ba za ta kwaso su cikakku ba. Ko a zaɓi Download and Keep Originals a jira su sauka, ko a shiga shafin sirrin bayanai na Apple a nemi a tura kwafinsu Google Photos, wanda ke ɗaukar kwana 3 zuwa 7, kuma sai akwai wuri a asusun Google. Apple Watch ba ya aiki da Android, haka Galaxy Watch 4 zuwa sama ba sa aiki da iPhone. AirPods da na Oraimo suna haɗuwa da kowacce ta Bluetooth.

Masu musanya, wato a ba da tsohuwa a cika kuɗi a karɓi sabuwa nan take, su ne suka fi shiga matsi, don duk abin da aka lissafa a sama yana buƙatar wayoyin biyu a hannu. Idan da hali, a sayi sabuwar, a riƙe tsohuwar mako guda, a buɗe kowace manhajar banki, a nemo tsohuwar hira a WhatsApp a ga hotunanta suna buɗuwa, a yi kwafin farko a iCloud ko Google Drive. Sannan a goge tsohuwar. Idan Android ce, a cire asusun Google daga saiti kafin a yi mata fomat, saboda makullin da Google ya sa tun Android 5.1 kada ya tare wanda ya saya. Idan iPhone ce, a kashe Find My, a fita daga iCloud, a goge, a cire ta daga jerin na'urorin Apple ID. A kuma zare memorin daga Android ɗin, don fomat ɗin waya ba ya taɓa abin da ke kansa.